Faranti Marar Zobe: Rayuwar Malamar Ɗakin Gwaje-gwaje

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya Malamar Gwaji a shekarar 1964, a garin da iyayenta suka zauna tun aurensu, cikin wani gidan haya mai ɗaki biyu da ke bayan tashar mota. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan haƙuri. Mahaifiyarta kuwa saƙa take yi ta huluna da rigunan sanyi na jarirai, tana ba 'yan kasuwa sari. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba, kuma maƙwabta sun shaide su da zaman lafiya. Abin da suka rasa shi ne asibiti a kusa, da wanda zai gaya musu sunan ciwon da ke ɗauke musu 'ya'ya, domin kafin a haife ta sun binne maza biyu waɗanda ba su kai yaye ba, kuma duk bayanin da aka taɓa yi musu bai wuce "zazzaɓi ne" ba. Ita ce ta uku a haihuwa, ita ce ta farko da ta rayu, daga bayanta aka sami namiji ɗaya, wanda 'ya'yanta suka taso suna kira Kawu.

A shekarar 1969 ciwon haƙarƙari ya kwantar da ita har aka fara fid da rai, sai aka yi dace an buɗe ƙaramin asibiti a unguwarsu. Aka yi mata allurar penisilin, mako bai zagayo ba ta miƙe tana neman abinci. Tun daga lokacin mahaifiyarta ta riƙa cewa, "Wannan allura, ko gawa aka yi wa sai ta yi atishawa." A cikin wannan yaƙini marigayiyar ta girma, cewa kowace ƙwayar cuta akwai maganin da ke kashe ta, aikin kawai a gano wanne ne.

Karatu

Ta shiga firamare a shekarar 1970, ta wuce sakandaren 'yan mata a 1976. A aji uku malamin kimiyya ya ɗiga ruwan kududdufi a ƙarƙashin madubin likita, ya ce kowace ɗaliba ta leƙa. Sauran suka leƙa suka yi tsaki suka wuce, ita kuwa sai da aka janye ta. A shekarar 1981 ta sami gurbi a makarantar koyon aikin gwaje-gwajen asibiti, inda ta yi shekara uku ta fito da sakamako mai daraja. Ranar da ta kawo wa mahaifinta takardar shaida, ya juya ta gaba da baya, sannan ya ce, "To madalla. Ni ina gyaran abin da ake ji ba a gani, ke kuma kin zaɓi abin da ba a ji ba a gani. Allah Ya ba da sa'a."

Fara Aiki

A farkon shekarar 1985 aka ɗauke ta aiki a babban asibitin gari, a sashen binciken ƙwayoyin cuta, wani ɗaki mai dogayen tebura uku da taga ɗaya da ke kallon wurin shanya zannuwan gado. Shugaban sashen wani dattijo ne da ake kira Baba Rula, saboda ba a taɓa ganin aljihun rigarsa babu rula ba.

Ya kamata a bayyana yadda aikin yake, domin a kansa sauran rayuwarta ta ginu. Idan aka kawo fitsarin majiyyaci, ko jininsa, ko mugunyar rauninsa, sai a shafa a kan wani ɗan faranti mai murfi da aka zuba wa abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a akwatin ɗumi har ƙwayoyin su tsiro. Sannan a shafa su a sabon faranti, a jera a kai wasu 'yan fararen takardu zagayayyu, kowace an jiƙa ta da magani iri ɗaya. Ma'aikatan ɗakin maɓallai suke kiransu, don sun yi kama da maɓallin riga. Washegari, duk maɓallin da maganinsa ke aiki, za a ga ƙwayoyin sun kauce masa, sun bar fili a kewayensa kamar zobe. A auna faɗin zoben da rula, a rubuta wa likita maganin da zai bayar.

Maɓallan nan ba sa son zafi, a firiji ake ajiye su, wutar lantarki kuwa a asibitin ba ta da tabbas. Saboda haka Baba Rula ya kafa wata ƙa'ida da ya koya mata tun makonta na farko. Ya ce, "'Yar nan, ƙwaya takan fi ƙarfin magani ɗaya, takan fi ƙarfin biyu. Amma in kika ga faranti babu zobe ko ɗaya, ba ƙwayar ce ta yi ƙarfi ba, maɓallanki ne suka mutu. Kada ki tayar wa likita da hankali. Jefa shi a bokiti, ki ce a sake kawo samfuri." A zamanin da ya kafa ta, ƙa'idar gaskiya ce, kuma ta hana a yaɗa sakamakon banza. Marigayiyar ta riƙe ta hannu biyu.

Aure da 'Ya'ya

A shekarar 1987 ta auri wani tela da shagonsa ke daura da ƙofar asibiti, wanda shi ke ɗinka wa ma'aikata fararen rigunan aiki. Har ƙarshen rayuwarta tana cewa da gangan ya gajarce hannun rigarta ta farko don ta dawo gyara, shi kuma yana rantsuwa cewa hannunta ne ya ƙara tsawo a hanya. Mutum ne mai barkwanci, yana kiranta Likitar Ƙwari, ita kuma tana kiransa Baban Yara tun ma kafin a sami yaran. Allah Ya albarkace su da namiji a 1988, mace a 1991, wani namijin a 1995, sannan bayan an ɗauka an gama, aka sami Auta a shekarar 2006.

A shekarar 2001 Baba Rula ya yi ritaya, aka ba ta shugabancin sashen. Ɗalibai masu yawa sun wuce ta hannunta, kuma sun shaide ta da sanyin hali, ba ta tsawa, sai dai ta sa mutum ya maimaita aiki har ya gaji da kansa. Kowannensu ta koya masa ƙa'idar faranti marar zobe kamar yadda aka koya mata.

Daga wajajen shekarar 2009 faranti marasa zobe suka fara yawaita, musamman a teburin da ake duba mugunyar raunuka. Aka ɗora laifin a kan wuta, aka haɗa ɗakin da janareta. Aka ɗora a kan firiji, aka sayo sabo. Aka ɗora a kan mai kawo kaya, aka canja shi. Bokitin dai bai daina cika ba, kuma babu wanda ya yi mamaki, domin kowa a ɗakin ya san amsar tun kafin ya yi tambayar.

Shekarar Karaya

A watan Maris na shekarar 2014 wani mai babur ya buge maigidanta yana tsallaka titi zuwa shago, ƙaurinsa na dama ya karye har ƙashi ya fito. Wannan ita ce ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita tun yana saurayi. Aka yi masa tiyata, aka sa ƙarfe, likita ya ce zai taka. Bayan 'yan kwanaki raunin ya fara ruwa, zazzaɓi ya sauka, aka ɗebi mugunyar da auduga aka aika ɗakin gwaje-gwaje, inda ta faɗo a hannun matarsa.

Farantin ya fito babu zobe ko ɗaya. Ta dube shi, ta yi tsaki, ta jefa a bokiti, ta ce a sake ɗebo samfuri. Da ta je duba shi a ɗakin maza, ya tambaye ta, "Likitar Ƙwari, me ƙwarin naki suka ce?"

Ta ce, "Ba su ce komai ba tukuna, Baban Yara. Maɓallanmu ne suka sake mutuwa."

Ya ce, "Ku dai da maɓallai. Ki zo shago in ba ki masu kyau, kyauta."

Likitoci suka ci gaba da allurar da aka saba yi wa masu karaya. Aka jira sababbin maɓallai, aka sake gwaji, aka sake samun faranti a cike fal da ƙwayoyi har bakin kowane maɓalli. Ta sake jefawa a bokiti, ta rubuta wa ofishin sayen kaya takardar ƙorafi mai zafi. A wannan tsakani kusan mako uku suka wuce, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi-baƙi, barkwancin maigidan ya ragu.

A sashen kowane tebur da nasa kwalaben maɓallai, ba a haɗawa. Wata rana mai kula da teburin fitsari bai zo ba saboda matarsa ta haihu, marigayiyar ta haɗa tebur biyu ita kaɗai. Maɓallan teburin fitsari suka ƙare ana saura samfuri ɗaya, na wata tsohuwa da aka kawo daga ƙauye mai nisa. Don kada aikin ya tsaya, ta ɗauko waɗanda ta riga ta yanke wa hukuncin mutuwa a teburin raunuka ta jera, tana cewa a ranta gobe ma a sake. Da su ta jera wa samfurin maigidanta na uku.

Da safe ta buɗe akwatin ɗumi ta fito da faranti biyun. Na tsohuwar zobba ne manya-manya, har wasu sun haɗe da juna. Na maigidanta babu ko sirin fili. Kwalba ɗaya ce, hannu ɗaya ne ya jera, akwati ɗaya suka kwana.

Mataimakinta, wanda ita ta koya masa aiki, ya ba da labarin cewa ta tsaya kamar an dasa ta, faranti ɗaya a kowane hannu, har ya ɗauka jiri ne ya kama ta. Ya ce, "Malama, lafiya?" Can ta ce, "Maɓallan suna da rai." Ta maimaita, "Suna da rai. Dama suna da rai." Sannan ta juya ta kalli bokitin da ke ƙarƙashin tebur, ta nemi kujera ta zauna. Kowa a ɗakin ya san faranti nawa ya taɓa jefawa a wannan bokiti, kuma ba a rubuta ko ɗaya a ko'ina ba.

A ranar ta aika samfurin zuwa ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a a wani gari. Amsa ta dawo cewa magani ɗaya ne kawai ya rage da ke taɓa ƙwayar, wata tsohuwar allura da aka daina amfani da ita tuntuni saboda tana wahalar da ƙoda. Kawu ne ya yi tafiyar nemo ta. Amma kafin ta iso ciwon ya ci ƙashi ya fara shiga jini, likitoci suka ce ko ƙafa ko rai. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa a watan Afrilu, aka bi da allurar, Allah Ya tashi kafaɗunsa.

Da ya sami sauƙi, ta zauna a gefen gadonsa ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Sannan ya ce, "Wato sau biyu ƙafata tana yi miki magana, kina jefa ta a bokiti." Ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Ni dai ga ni, ina da ke, kin bi sawu. Sauran mutanen fa, Maman Yara? Waɗanda aka ce su sake kawo samfuri, ina suke?" Har ta rasu ba ta gano inda suke ba.

Aikin da Ya Biyo Baya

Ranar da ta koma aiki ta soke ƙa'idar a gaban kowa. Ta nemo daga jami'ar wata ƙwaya sananniya wadda kowane magani ke kashewa, ma'aikata suka sa mata suna Mai Ladabi. Daga lokacin, duk farantin da ya fito babu zobe, sai a gwada maɓallan da Mai Ladabi, idan sun yi aiki a rubuta sakamakon yadda yake, a kira likita a waya.

Ta kai wa Baba Rula ziyara, a lokacin ya tsufa ƙwarai, ta nuna masa hoton faranti biyun. Ya ɗaga shi zuwa haske, ya yi salati, ya ce, "'Yar nan, a zamanina ba su iya wannan ba. Wa ya koya musu?" Ta ce, "Mu ne, Baba. Kowa ya ji ciwon kai sai ya haɗiyi kafso biyu ya bari. Waɗanda suka tsira su ne suka haifi waɗannan."

Shekara biyu ta yi tana tattara sakamakon kowane ɗaki na asibitin, kuma a watan Yuni na 2016 ta gabatar da shi a taron likitoci. Ta nuna cewa a cikin kowane samfurin fitsari goma, bakwai ba sa jin kafson da aka fi rubuta wa mutane. Ta nuna cewa allurar da ake tinƙaho da ita a ɗakin tiyata ta daina aiki a kan fiye da rabin raunuka. Abin da ya fi girgiza taron shi ne, ƙwayar da ta ci ƙafar maigidanta ita ce dai aka samu a jinin jarirai a ɗakin bakwaini, aka kuma same ta a maƙogwaron wurin wanke hannu da jikin almakashin da ake yanka bandeji, wanda ake aron sa daga ɗaki zuwa ɗaki. Babbar sistar ɗakin jarirai ta dafe kai ta fita daga taron. Babban likita ya cire tabarau ya ce, "To Malama, me kike so mu riƙa rubuta wa mutane?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, ku jira faranti. Shi ma ba kullum yake da amsa ba, amma ba ya ƙarya."

An sami gyara. Kowane ɗaki ya sami nasa kayan aiki, aka canja bututun wanke hannu, aka fara keɓe masu irin wannan ƙwaya, mutuwar jarirai ta ragu a shekarar da ta biyo. A unguwa kuwa mata suka fara ɓoye ragowar kafso idan sun ji sallamarta, domin takan buɗe jakar magani ba tare da an ba ta izini ba. Maigidanta ya koyi taka keke da ƙafar hagu, ya koma shago, yana gaya wa abokan ciniki cewa shi kaɗai ne telan da wandonsa ke cin yadi kaɗan.

Jinya da Rasuwa

Marigayiyar ta daɗe tana fama da ciwon suga. A watan Satumba na shekarar 2018 ciwon mafitsara ya kama ta, ya hau zuwa ƙoda, aka kwantar da ita a ɗakin mata na asibitin da ta yi wa hidima shekara talatin da uku. Aka aika fitsarinta da jininta zuwa sashenta, likitoci suka fara ba ta mafi ƙarfin abin da suke da shi.

Ranar da ya kamata sakamako ya fito, mataimakinta ya yi ta kewaye ɗakin bai shigo ba, sai da ta aika nas ta kira shi. Ya shigo da yamma, Auta na zaune a bakin gado da kayan makaranta, maigidan yana kan kujera ya jingine sandunansa a bango. Ya gaishe su, ya fara zancen cewa ana nan ana dubawa.

Ta ce, "Ni na koya maka aikin nan. Nuna mini."

Ya ciro waya ya miƙa mata hoton. Ta sa tabarau, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Kun gwada su da Mai Ladabi?"

Ya ce, "Mun gwada, Malama. Lafiyarsu ƙalau."

Ta ce, "Har da allurar da aka yi wa Babansu?"

Ya ce, "Har ita, Malama."

Auta, wadda uwarta ta sha nuna mata hotunan faranti a gida, ta leƙa ta ce, "Umma, ina zoben?"

Ta ce, "Babu, Auta." Sannan ta miƙa wa mataimakin wayarsa ta ce, "To me kake jira? Je ka rubuta. Ka gaya wa sista a mayar da ni ɗakin keɓewa yanzu, akwai mai sabon ɗinki a gadon kusa da ni."

Aka mayar da ita. Likitoci suka haɗa magunguna biyu, suka haɗa uku, zazzaɓin bai sauka ba. Allah Ya yi mata rasuwa a ranar 4 ga watan Oktoba na shekarar 2018, tana da shekara hamsin da huɗu. Aka yi mata sutura, aka sallace ta a ƙofar gidanta, aka binne ta a maƙabartar da ke gefen gari. Likitoci da nas-nas da tsofaffin ɗalibanta da telolin layin asibiti sun halarta, kuma maigidanta ya tsaya a kan sandunansa har aka gama, ya ƙi kujerar da aka kawo masa. Allah Ya yi mata rahama, Ya karɓi hidimarta, Ya yafe kurakuranta.

Waɗanda Ta Bari

Ta rasu ta bar maigidanta, da ƙaninta Kawu, da 'ya'ya huɗu: babban ɗanta, injiniyan ruwa, mai 'ya'ya biyu, mai bi masa, malamar lissafi a sakandare, mai ɗa ɗaya, na uku, wanda ya gaji mahaifinsa a shagon ɗinki, sai Auta, wadda a lokacin take da shekara goma sha biyu.

A zaman gaisuwa mutane sun yi ta neman dalili, domin abin ya ɗaure musu kai, a ce mai gano wa jama'a magani ta rasa nata. Wasu suka ce jabun magani aka yi mata, wasu suka ce likitoci ne suka yi sakaci, wata gwaggonsu ta ce da an fita da ita waje da ba a kai ga haka ba. Auta tana zaune a cikinsu tana ji. Abin da ta fahimta shi ne, magungunan na kirki ne, an ba Ummanta su duka kuma a kan lokaci, babu ɗaya a cikinsu da ke iya kashe ƙwayar da ke jikinta.